Yadda Ake Tanadin Tsufa Mai Lafiya A Gida, Daga Kaka Har Jika

A yawancin gidajenmu na Katsina tukunya ɗaya ce ke ciyar da kaka da ɗa da jika, don haka daga murhu za a fara gyara.

Da farko a rage gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya tsaya ƙasa da giram 5 a rana, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma lissafin ya haɗa da wanda ke cikin dunƙule. Uwargida ta jefa dunƙule huɗu a miyar kuka, ta barbaɗa gishiri, sannan a kawo yaji da nasa gishirin. A riƙa cire ɗaya-ɗaya ana ƙara daddawa, harshe zai saba. Tuwon dawa, wake, kwaɗon zogale da rama kuwa, tun kaka da kakanni muke da su. Baƙin da suka ɓata lamarin su ne lemon kwalba da sukarin da ake antaya wa fura.

Sai awon hawan jini, kuma wannan magana ta magidanta ce da matan aure masu ganin ƙarfinsu bai tafi ba. Hawan jini ba ya sallama. Mutum na harkarsa a kasuwa, sai a wayi gari ɓarin jikinsa ya shanye. A je asibitin unguwa a auna. Idan ya kai 140 bisa 90 ko ya haura, a sake a wata rana. In ya maimaita, a ga likita. A haɗa da gwajin suga. Kuskuren da na fi gani shi ne ajiye magani da zarar an ji sauƙi, alhali maganin ne ya kawo sauƙin. Mai ciwon suga kuma ya nemi shawarar likita tun kafin azumi ya kama.

Na uku, a dawo da tafiyar ƙasa. Dattawanmu a ƙafa suke zuwa Ƙofar Soro daga Ƙofar Ƙaura, mu kuwa ko masallacin unguwa sai a babur. Abin da ake so minti 150 ne a mako: rabin awa na tafiya da ɗan sauri, sau biyar. Bayan sallar asuba ya fi, kafin rana ta buɗe. Mata ma, tunda injin niƙa ya karɓe daka, sai su rama da takawa zuwa islamiyya.

Na yara gajere ne: nonon uwa zalla har wata 6, rigakafi cikakke, a bar su su yi guje-guje. Ƙashi yana gama tara ƙarfinsa ne wajen shekara 30, shi za a ci a tsufa. Samari su nisanci taba da shisha.

Tsohon da ke gida kuwa, kada a zaunar da shi da sunan tausayi. "Baba, ku huta, za mu yi" magana ce mai daɗi, amma zama wuri ɗaya na cinye ƙarfin ƙafa, kaɗaici kuma na dakushe tunani. A bar masa awakinsa da majalisarsa, a bar wa Hajiya tsinkar zogale da tatsuniyar jikoki. Abin da za ku ɗauke musu shi ne haɗarin faɗuwa: fitila a hanyar banɗaki, a kankare santsin siminti, a ɗauke tabarmar da bakinta ya naɗe. In ganinsu ya fara hazo, a kai su a duba, don yanar ido ana cire ta da ƙaramin aiki. Tsoho kuma ba ya saurin jin ƙishirwa, saboda haka in zafin bazara ya tsananta a ajiye masa ruwa kusa da shimfiɗa, a sa jika ya riƙa tuna masa.