Ku karɓi takarda a hannun mai zana muku tambari

'Yan uwa masu man gyaɗa da yaji, ku saurara.

Idan wani ya zana muku tambarin da za ku liƙa a roba, kafin ku biya, ya rubuta cewa ya sallama muku haƙƙin zanen. Ya sa hannu, da kwanan wata.

Dalili? A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, zane na mai zanawa ne, kuma sallamawa sai a rubuce. Biyan kuɗi kaɗai bai wadatar ba.

Ni a kasuwar Ringim na ga tambarina a robar wata, ba ni da abin nunawa. Ya ƙona mini rai.

Amma fa idan daga intanet ya kwaso hoton, takardar ba ta da amfani. Kuma ba ta kare sunan kayanku, wannan sai rajistar alamar kasuwanci.