Jirgin Sifaniya da ya tarwatse a Fair Isle: kurakuran da aka fi yi wajen ba da labarinsa

Fair Isle ɗan tsibiri ne a arewacin Sikotlan, tsakanin Orkney da Shetland, tsawonsa bai wuce kilomita 5 ba. A watan Satumba na 1588 wani jirgin ruwa na katako mai tafiya da iska, El Gran Grifón, ya ƙare a cikin duwatsunsa. Labarin ya sha gishiri a bakin masu ba da shi, har wani lokaci ba a gane ainihin miyar.

Kuskuren farko shi ne a ce Ingilishi ne suka nutsar da shi. Jirgin na cikin rundunar jirage kusan 130 da Sarkin Sifaniya Filib na Biyu ya tura daga Lisbon don yaƙar Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Ɗaya, kuma ya sha wutar igwa a mashigin ruwan Ingila. Amma bayan karon da suka yi da jiragen Ingila kusa da garin Gravelines a watan Agusta, iska ta kora rundunar arewa, dole ta zagaya bayan Sikotlan da Ailan kafin ta koma gida. A wannan zagaye ne guguwa ta buɗe haɗin katakansa, ruwa na shiga, mutane na kwarfewa ba dare ba rana. Da suka ga abin ya fi ƙarfinsu, sai suka cusa shi cikin wani lungun dutse da ake kira Stroms Hellier. In za ka rubuta, ce yaƙi ya raunata shi, teku ta ƙarasa shi.

Sai rikicin suna, wanda ya daɗe yana yawo. Za ka ga an rubuta wai babban kwamandan rundunar, Duke na Medina Sidonia, shi ne ya maƙale a tsibirin. Ba shi ba ne. Shi ya isa tashar Santander ta Sifaniya a cikin jirginsa San Martín a wannan wata na Satumba. Wanda ke cikin Gran Grifón sunansa Juan Gómez de Medina, shugaban ayarin jiragen dakon kaya. Kalmar Medina ce ta ruɗi mutane. Shi kansa jirgin ba Sifaniyawa suka ƙera shi ba, jirgin fatauci ne daga Rostock a gaɓar Jamus, aka ɗora masa igwa 38 aka tura shi yaƙi.

Kwanan wata ma yana tuntuɓe da mutane. Sifaniya ta koma sabuwar kalanda tun 1582, Ingila da Sikotlan kuwa suna kan tsohuwa, tazararsu kwana 10. Don haka kada ka yi saurin ƙaryata wata majiya don ranarta ta saɓa. Faɗi kalandar da ka bi, kamar yadda muke bambanta Hijira da Miladiyya.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne batun saƙa. Fair Isle ta yi suna a duniya da rigunan sanyi masu zane kala-kala, sai aka ƙaga cewa matuƙan Sifaniya ne suka koya wa matan tsibirin. Babu wata shaida a kan haka, kuma tsofaffin saƙe-saƙen da ke hannu sun zo ne ɗaruruwan shekaru bayan hatsarin. Dubi halin da ake ciki ma. Mutum wajen 300 suka sauka a tsibirin da gidajensa 17 ne kacal, ga hunturu na ƙaratowa, ga rumbu ba komai sai abin da masu gida suka tanadar wa kansu. Sun yi sama da wata guda suna cin kifi da tsuntsayen teku da dabbobin mutane, kusan 50 daga cikinsu suka mutu. Mai fama da yunwa irin wannan ba ya buɗe ajin saƙa. Waɗanda suka rayu an kwashe su zuwa Shetland, daga nan suka isa garin Anstruther na Sikotlan, inda limamin cocin garin, James Melville, ya rubuta yadda ya gan su: samari ko gemu ba su yi ba, a galabaice. Mutanen garin suka ba su abinci duk da cewa abokan gaba ne a addini.

Akwai kuma masu zaton jirgin na nan zaune a ƙasan ruwa cike da zinariya. Da masu binciken kayan tarihi Colin Martin da Sydney Wignall suka yi nutso a wurin a 1970, igiyar ruwa ta riga ta cinye katakon. Abin da suka tarar shi ne igwa na tagulla da na ƙarfe, harsasai, da curin dalma a maƙale cikin tsagar duwatsu. Wata igwar tagullar ma an huda bakinta a karkace, alamar an yi ta cikin gaggawa. Kayan zinariyar da ake yaɗa hotunansu galibi na wani jirgin ne daban, Girona, da ya tarwatse a gaɓar Ailan ta Arewa, kuma suna gidan tarihi na Ulster a Belfast. Kafin ka liƙa hoto a rubutunka, duba sunan jirgin da ke ƙarƙashinsa.