Yadda ake zanen uwa da ɗa da fastel irin na Mary Cassatt

An haifi Mary Cassatt a jihar Pennsylvania ta Amurka a 1844, ta zauna a Faransa tun daga 1874 har rasuwarta a 1926. Degas, wani mai zane Bafaranshe, shi ne ya gayyace ta cikin masu zanen da suka fi damuwa da yadda haske ke sauka a kan abu, ta fara baje aikinta tare da su a 1879. Ta yi suna wajen zanen uwa da ɗanta, da yawa da fastel, allin zane mai laushi.

Nemi fastel mai gari, kar ka ɗauki mai maiƙon nan na 'yan makaranta. Kala goma sha biyu sun isa. Takardar ta zama mai kaushi, toka-toka ko ruwan ƙasa. Mai santsi ba ta riƙe garin.

A Kaduna, fara tsakanin bakwai da tara na safe, hasken yana shigowa ta gefe. Da hantsi ya dubi ludayi, inuwa ta taru ƙarƙashin ido, fuska ta baje. Tsaya a tsaye kana kallon uwar daga sama, kamar zanen Cassatt na 1893 da ke gidan adana zane na Chicago a Amurka, inda mace ke wanke ƙafar yarinya a daro. Fitar da siffa da gawayi cikin minti biyar, don yaro ba ya zama.

A wajen inuwa ne aikin yake. Kar ka sa baƙi, yana kashe fata. A fatar yaranmu, shimfiɗa ruwan ƙasa mai duhu tukuna, ka ja gajerun layukan shunayya da shuɗi a ɓangaren inuwa, ruwan goro a kunci, sannan ɗan shuɗi mai haske a goshi inda sararin sama ke haskawa. Layukan su jeru kusa da juna, ido ne zai haɗa su daga nesa. In ka murza da yatsa, garin ya toshe kaushin takardar, kalolin su koma laka, sabon layi kuma ba zai kama ba. Fuska da hannu kaɗai ke buƙatar gamawa. Zani da tabarma, layi kaɗan ya wadatar.

Maganin feshin da ke kama garin yana dusashe kala, don haka fesa sau ɗaya daga nisan santimita 30. Da hunturu kar ka bar zanen a buɗe, ƙurar da ta sauka ba ta goguwa. Sa shi a firam, da kwali tsakaninsa da gilashi don kada su taɓu.