Yadda na gyara ƙararrawar gidanmu da ke yin shiru in intanet ya ɗauke

Da daminar bara masu haƙar kwata a layinmu na Agege a Legas suka tsinke wayar intanet. Ina rumfa a Mile 12, iyali suna Kano, kwana 2 ƙararrawar tsaron gida ba ta turo mini komai ba. Jiniya za ta yi kuka in an taɓa ƙofa, amma ni ba zan sani ba. Hankalina ya tashi ƙwarai.

Na je kasuwar kayan kwamfuta ta Computer Village a Ikeja na sayo rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet a gida, mai ramin SIM, mai 4G. Wayar intanet ta gida na soka a ramin WAN, wato inda intanet ke shigowa rautar, na saita ta yadda da zarar waccan ta mutu za ta koma layin salula da kanta. Ƙararrawa ba ta cin data, kyamara ce mai haɗama, sai na rage ƙarfin hotonta.

Wuta ce na kusa mantawa. Rauta ba ta da batir, dole na haɗa mata ƙaramin UPS na bolt 12, wato batirin da ke ba ta wuta in an ɗauke.

Don gwaji na zare wayar intanet ɗin, na jira minti ɗaya, na buɗe ƙofar falo. Saƙo ya shigo hannuna tun ina riƙe da mariƙin. Duk farkon wata ina zuba wa layin data, kada a rufe shi.