Yadda ake shirya tseren gudu don tallafa wa yara masu matsalar disleksiya

Kafin a zaɓi hanya ko a buga riguna, a fara zama da malaman da za su koyar a yi lissafi. Mai disleksiya yana shan wuya wajen haɗa harafi da sautinsa, ko da kuwa kansa na ja kuma idonsa lafiya lau. Abin da ke taimakonsa shi ne koyarwa daki-daki irin ta tsarin Orton-Gillingham, inda zai ga harafi, ya furta shi, ya zana shi da yatsa a kan yashi. Darasi kan ɗauki minti 45 zuwa awa ɗaya, aƙalla sau biyu a mako. A makonni 40, yaro ɗaya zai ci darasi 80 ke nan. A ninka wannan da ladan malami, sannan da yawan yaran. Abin da ya fito shi ne kuɗin da ake nema. Mutane sun fi sakin hannu idan aka ce musu rajistarsu ta biya darasi kaza.

Wata huɗu zuwa shida kafin ranar, a nemi izinin hukuma da na jami'an kula da hanya. Da yawa kan zaɓi Oktoba, watan wayar da kai kan disleksiya.

Kilomita 5 ya isa, a ƙara da kilomita 1 na yara da masu tattaki. A auna hanyar da tayar awo, domin ma'aunin waya kan yi kuskure a tsakanin dogayen gine-gine. Hanyar da ke zagayowa ta ƙare inda ta fara ta fi sauƙin tsaro. Kowace kwana da mararraba a tsayar da ɗan sa-kai mai riga mai ƙyalli. Kwana ɗaya da aka bari ba kowa ta isa ta ɓatar da na gaba, sauran kuma su bi shi ɗuu. A ajiye teburin ruwa a tsakiyar hanya da wurin ƙarewa, a zuba rabin kofi kawai, don cikakke zubewa yake a hannun mai gudu. Masu agajin gaggawa su kasance a wurin, mutum ɗaya kuma ya biyo bayan na ƙarshe. Kowace lambar ƙirji fil huɗu take ci, kuma shi aka fi mantawa.

Inda kuɗi ke zurarewa shi ne riguna da lambobin yabo. A nemi kamfanoni su ɗauki nauyin waɗannan, kuɗin rajista ya tafi ga karatu. A rufe odar riguna mako biyu kafin ranar, kada a buga bisa hasashe.

Fom ɗin rajista ya zama gajere, da manyan haruffa da tazara tsakanin layuka, domin disleksiya na bin jini, wataƙila iyayen da ke cikewa ma suna fama da ita. Kada a kira yaro ya yi karatu a bainar jama'a, kada kuma a ɗauki hotonsa sai da yardarsa da ta iyayensa.

Bayan tsere, kuɗin ya shiga asusu mai sa hannun mutum biyu, a riƙa biyan malamai zango-zango. A gwada karatun kowane yaro kafin a fara da bayan wata shida, a aika wa masu tallafi sakamakon ba tare da sunaye ba.