Yadda Mai Koyo a Katsina Zai Zaɓi Jitar Lantarki Mai Tsada

Akwai masu ganin cewa bai dace wanda bai taɓa riƙe jita ba ya fara da mai tsada, wai sai ya sha wuya da mai araha tukuna kafin ya cancanci ta ƙwarai. Ban yarda da wannan ra'ayi ba. Jitar da tsirkiyoyinta suka yi nisa da wuya, wadda kuma saitinta yake kwancewa tun ba a gama waƙa ɗaya ba, ita ce take sa masu koyo da dama su jingine ta bayan ƙofa kafin yatsunsu su yi kanta. Idan Allah ya hore wa mutum, babu laifi ya sayi mai kyau tun daga farko. Sai dai mazaunin Katsina ko Daura yana da lissafin da ya bambanta da na mazaunin Landan, domin zafinmu da hunturunmu da yanayin wutar lantarkinmu da ƙarancin masu gyara a kusa duk suna da ta cewa. Saboda haka kuɗinka ya tafi a kan sauƙin bugawa da juriya, ado ya biyo baya.

Mataki na farko shi ne ka raba kuɗin kafin ka kalli kowace jita. Jitar lantarki ita kaɗai ba ta da wata murya sai an jona ta da amfilifaya, kuma amfilifaya mara kyau tana iya mayar da jitar dala 2,000 tamkar ta wasan yara. Shawarata ita ce ka ware kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da ka tanada domin amfilifaya, akwati mai tauri, wayar jonawa, na'urar saita sauti, da fakitin tsirkiyoyi da yawa. Sababbin jitocin da Fender take ƙerawa a Corona ta jihar Kalifoniya, da waɗanda Gibson take ƙerawa a Nashville, galibinsu suna kaiwa daga wajen dala 1,500 zuwa 3,000, ban da kuɗin jigila da na kwastan, kuma farashinsu a naira yana tafiya ne da canji. Wanda kuɗinsa bai kai nan ba ya duba waɗanda Fender take yi a Ensenada ta ƙasar Meziko, ko PRS SE, ko Yamaha Pacifica da Revstar, domin ba za su kunyata mai koyo ba.

Daga nan sai ka tambayi kanka wane irin sauti kake nema, domin amsar ita za ta nuna maka irin fikof ɗin da za ka zaɓa, wato maganaɗisun nan da aka naɗe da siririyar wayar tagulla a ƙarƙashin tsirkiyoyi, wanda yake mayar da kaɗawarsu ta zama lantarki. Iri biyu ne manya. Mai naɗi ɗaya, irin na jitocin Fender, wato Telecaster da ta fito a farkon shekarun 1950 da Stratocaster ta 1954, yana da murya siririya mai tsabta wadda kowane bugu yake fita a cikinta daki-daki. Mai naɗi biyu kuwa, wanda Seth Lover ya ƙirƙiro wa Gibson aka kuma fara sa shi a kan jitarta Les Paul a 1957, muryarsa tana da kauri da nauyi. Da yawa daga cikin matasanmu da suke sha'awar jita kiɗan Buzaye ne ya ja su, irin na Bombino ɗan Agadas, da Mdou Moctar, da ƙungiyar Tinariwen ta Mali, wanda yake shigo mana ta Maraɗi da Damagaram. Wannan salo, da ma ƙoƙarin ɗauko zubin garaya ko gurmi a kan jita, ya fi zama a kan mai naɗi ɗaya. Mdou Moctar kansa da Stratocaster aka san shi, ko da yake jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta da wayoyin birkin keke.

Amma mai naɗi ɗaya yana da aibi wanda ya fi bayyana a gidajenmu: yana kwaso gunjin wutar lantarki. Idan janareta yana aiki, ko fanka tana juyawa, ko gidan ba shi da wayar da aka binne a ƙasa, za ka ji wani zuuu yana fita daga lasifika ko ba ka taɓa tsirkiya ba. Mai naɗi biyu an yi shi ne musamman domin kashe wannan gunji. Shi ya sa na fi karkata ga jitar da ta haɗa duka biyun, mai naɗi biyu a kusa da jaki (ƙarfen da tsirkiyoyi suke hawa a kan gangar jiki) da masu naɗi ɗaya guda biyu a gaba, abin da ake rubutawa HSS a takardun masu sayarwa. Da ita mai koyo zai ɗanɗani muryoyin biyu kafin kunnensa ya tsayar da wadda yake so.

Mataki na uku ya fi kowanne muhimmanci, wato wuyan jita, domin a nan hannunka zai yini. Tsawon tsirkiya daga kai zuwa jaki a yawancin jitocin Fender inci 25.5 ne, na Gibson inci 24.75, PRS kuma ta tsaya a tsakiya da inci 25. Bambancin bai kai inci ɗaya ba, amma yatsu suna jin sa: gajeren tsawo yana sa tsirkiya ta yi laushi, ƙarafunan da aka gicciya a fuskar wuya, waɗanda ake kira firet, su matso kusa da juna, abin da yake taimakon mai ƙananan yatsu. Kaurin wuya ma ya bambanta, daga siririn wuyan Ibanez zuwa mai cika tafin hannu na wasu samfuran Les Paul. Babu hoton da zai gaya maka wanda ya dace da kai. Ka zauna da jitar a kan cinyarka na tsawon lokaci, ka danna tsirkiya a firet na farko da na biyar da na goma sha biyu, sannan ka miƙe tsaye ka rataya ta. Stratocaster takan yi wajen kilo 3.5, Les Paul kuwa takan haura kilo 4, kuma kafaɗa tana sanin bambancin bayan awa guda. Idan kai bahago ne, ka yanke shawarar hannun da za ka koya da shi tun yanzu, domin jitocin hagu ba su da yawa a kasuwa.

Akwai kuma yadda aka haɗa wuyan da gangar jiki. Fender da kusoshi huɗu take ɗaure shi, ta yadda idan ya lalace za a kwance a sa wani. Gibson manne shi take yi da gam, kuma kan jitar ya karkata baya sosai, wurin ya zama siriri, itacen kuma mahogani ne, ɗan uwan maɗacinmu. Jitar Les Paul da yaro ya ture daga jikin bango tana iya karyewa a daidai wannan wuri, kuma gyaran irin wannan karaya ba aikin kafintan unguwa ba ne. A gidan da yake da yara da yawan shige da fice, wuya mai kusoshi ya fi kwanciyar hankali.

Sai batun hunturu, wanda masu sayarwa a Legas ba za su tuna maka da shi ba. Masu ƙera jita suna son ta zauna a inda laimar iska take tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin 100. A Katsina, daga Disamba zuwa Fabrairu, laima takan faɗi ƙasa da kashi 20, sannan a watan Agusta ta cika ɗaki. Itace yana tsukewa idan ya bushe, ƙarfe kuwa ba ya tsukewa tare da shi, don haka sai ka wayi gari ka shafa gefen wuyan jitarka ka ji bakin kowane firet ya leƙo yana kartar tafin hannu. Fuskar wuya ta itacen rozwud ko eboni, da yake ba a rufe ta da fenti, ta fi saurin bushewa, eboni ma har yakan tsage. Mefil mai fenti ya fi haƙuri, kuma wanda aka gasa a masana'anta har ya yi ruwan ƙasa ya fi su duka tsayawa. Haka nan fentin jiki: Gibson tana amfani da naitiro, wanda yake tsattsagewa idan zafi da sanyi suka sauya da sauri, kuma turare mai sinadarin barasa ko maganin sauro na shafawa suna iya narkar da shi. Mu kuwa ba ma rabuwa da turare. Fentin foli, wanda yake kan yawancin jitocin Fender da Yamaha da Ibanez, bai damu da wannan ba.

Game da jaki, maganar gajera ce. Ka guji Floyd Rose. Jaki ne mai lilo wanda ake kulle tsirkiyoyi a cikinsa, idan guda ta tsinke sauran biyar duk sai su fita daga saiti, kuma sauya su yana cin lokaci ko a hannun gwani. Kafaffen jaki irin na Telecaster ko Les Paul shi ne na mai koyo. Idan Stratocaster ka zaɓa, a ƙara ɗaure sifirin ɗin da yake bayanta har jakin ya kwanta a jikin itace. Launi da zanen itace da adon bakin wuya kuwa, ka zaɓi abin da ya kwanta maka a rai, amma ka sani ba sa ƙara komai a sauti.

Idan ka tsayar da samfuri, sai neman wurin saye. Jita irin wannan da wuya ka same ta a rataye a shago a cikin Katsina. Ana dubawa a Kano da Abuja, an fi samu a Legas, wasu kuma suna yin oda daga Thomann ta Jamus ko su ba ɗan uwa saƙo daga Amurka. Ko ta ina za ta zo, ka yi hattara da jabu, domin ana kwaikwayon Gibson da Fender sosai. Ka nemi hoton lambar da take bayan kan jitar, ka bincika ta a shafin kamfanin ko ka aika musu su tabbatar. A kan Les Paul ta asali, ƙaramin murfin nan mai siffar ƙararrawa da yake saman wuya kusoshi biyu ne suke riƙe da shi, na jabu kuwa sau da yawa uku ne. Farashin da ya faɗi ƙasa da rabin na kasuwa shi kansa shaida ne. Kada ka tura kuɗi gaba ɗaya ga wanda ka sani a Instagram kawai.

Ranar da jitar ta zo hannunka, ka tafi da wanda ya iya bugawa, ko da mai kiɗa ne a coci ko a situdiyo, ku duba ta a tsanake. Ka ɗaga ta ka sa ido ɗaya daga kai zuwa gindi, ka tabbata wuyan bai murɗe ba; ɗan lanƙwasa kaɗan daidai ne, kuma ana gyara shi da sandar ƙarfen da take cikin wuya, amma murɗewa ba ta da magani mai sauƙi. Ka auna tazarar tsirkiya da firet na goma sha biyu, wadda ya kamata ta kasance tsakanin milimita 1.5 da 2. Ka buga kowace tsirkiya a sake, sannan ka danna ta a firet na goma sha biyu, na'urar saiti ta nuna harafi ɗaya a duka biyun. Ku bi firet ɗaya bayan ɗaya kuna sauraron zizar ƙarfe, ku murɗa kowane maɓalli ku ji ko yana ƙarar yashi, ku girgiza wayar a raminta ku ga ko sauti yana yankewa. Idan tsirkiyoyin da suka zo da ita suna cin yatsa, a sauya su da masu lamba 9 zuwa 42, waɗanda suka fi laushi.

Amfilifaya tana da tarkonta. Wutar Nijeriya bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 120, don haka wadda aka sayo daga can za ta ƙone nan take idan aka soka ta a bango ba tare da taransifoma ba, sai fa idan an rubuta a bayanta cewa tana karɓar 100 zuwa 240. Amfilifaya masu kwalaben gilashi a ciki suna da daɗin murya, amma suna da nauyi da zafi, ba sa son wuta mai hawa da sauka, kuma kwalaben ba a samun su nan kusa. Boss Katana 50 ko Yamaha THR ko Fender Mustang sun ishi mai koyo shekaru, a haɗa su da sitabilaiza. Ka tabbata tana da ramin abin sawa a kunne, domin a gidan gado mai iyaye da maƙwabta da masallaci a ƙofar gida, yawancin atisayenka da shi za ka yi. Idan ka taɓa tsirkiya ka ji wuta tana ɗan cizonka, ka cire filogi nan da nan ka kira mai gyaran wuta ya duba wayar ƙasa ta gidan kafin ka sake jonawa.

Da zarar ta shiga gida, mazauninta akwati ne, a rufe, nesa da taga da jikin bangon da rana take duka, kuma kada a bar ta a cikin mota a watan Afrilu, lokacin da zafin Katsina yake haura digiri 40. Da shigowar hunturu ka sa fakitin daidaita laima irin na Boveda ko D'Addario a cikin akwatin; idan babu, ka jiƙa soso ka matse shi sosai, ka sa a robar sabulu mai huji, ka ajiye ta wajen kan jitar inda ba za ta taɓa itace ba. Ka goge tsirkiyoyi da busasshen ƙyalle bayan kowane bugu, domin gumi da ƙura ne suke sa su tsatsa. Sau biyu a shekara, wajen Nuwamba da wajen Yuni, wuyan zai ɗan motsa saboda sauyin yanayi, kuma a nan ne za a juya sandar cikinsa, rubu'in zagaye kawai a lokaci guda, a bar ta ta kwana kafin a sake aunawa.