Yadda ƙungiyar unguwa za ta nemi tallafin gyaran kwazazzabai a Tahoua

Kafin ku taka ma'aikatar magajin gari, ku tabbata ƙungiyarku tana da takardar amincewar hukuma da asusu da sunanta. Asusun shugaba ba na ƙungiya ba ne. A nan buƙatu da yawa ke mutuwa.

Birnin Tahoua gundumomi biyu ne, ku kai takarda inda unguwarku take, da sa hannun mai unguwa. Kuma ku kai ta tun Satumba ko Oktoba, lokacin da ake shirya kasafin kuɗin baɗi. Wanda ya zo a Yuni ya makara.

Kada ku rubuta "muna son yaƙi da ambaliya". Ku auna kwazazzabon: tsawo, faɗi, gidaje nawa yake ci, ku haɗa da hoto. Aikin kuwa daga tudu ake farawa, inda ruwa ke taso gudu. A can ake haƙa rabin wata, wato rami mai siffar rabin da'ira da ke tare ruwa. Mai faɗin mita 4, kusan 313 ke shiga eka (hekta) ɗaya, bakinsa na kallon tudu, jeri a sassaɓe. Jerin duwatsun da ke rage gudun ruwa kuma ya bi layin da ƙasa ta daidaita. In ya karkace, ruwa zai taru gefe guda ya fasa shi, ya haƙa sabon rami.

A lissafi ku rubuta kuɗin diga, shebur, baro da jigilar dutse, ku nuna gudummawarku ta aikin gayya. Ku ware wani abu na faɗakarwa a rediyo da majalisun fada kan zuba shara a magudanan ruwa. Kowane rasit ku adana shi, za a nema.